Yasar Kogi Tana Ƙara Kifi Ne, Ko Korar Sa Take Yi?

Malam, tambayarka ta iso. Ka ce ana shirin yashe wani kogi da ka daɗe kana kamun kifi a cikinsa, kuma magana ta rabu biyu. Masu aikin sun ce in kogi ya yi zurfi kifi zai sami wurin sakewa ya yaɗu, wasu kuma sun ce yasa kashe kifi take yi. Kana so ka san wanne ne gaskiya, kuma in an yi ɓarnar, ko kifin yakan dawo bayan injuna sun tafi.

Yasa ba kasafai take ƙarar da kifi daga kogi ba. Abin da ta fi yi shi ne canja irin kifin da ke cikinsa: masu laulayi su ragu ko su ɓace, 'yan kaɗan masu taurin rai su maye gurbinsu. Mutumin da ke auna lafiyar kogi da nauyin abin da ya faɗa komarsa zai iya yin shekaru bai lura ba, sai ranar da ya tambayi kansa yaushe rabonsa da ganin wani kifi da a da kullum yake kama shi. A wurinmu masu nazarin kifi, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce nau'i nawa ne suka rage, kuma su wane ne.

Sai dai ka fara sanin wace yasar ake nufi, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta buɗe wa jiragen ruwa hanya, kamar wadda aka ƙaddamar a Lokoja a watan Satumban 2009 don yashe Kogin Neja daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572. Akwai wadda ake yi da sunan maganin ambaliya. Akwai ta kwashe laka mai guba. Akwai kuma haƙar yashi da tsakuwa don gini, wadda ita ce ta fi yawa, kuma ta fi ƙarancin sa ido. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce duniya tana amfani da kusan tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a kowace shekara, kuma na kogi shi magina suka fi so, domin na hamada iska ta goge shi ya yi sumul, ba ya kama siminti da kyau. Kifi bai san dalilin aikin ba. Abin da ya shafe shi shi ne nawa aka kwashe, daga ina, a wane lokaci, kuma sau nawa.

Ɓarnar da ido ke gani ita ce ta kwanakin aiki. Injin da ke zuƙar yashi ta bututu ba ya tantancewa, yana haɗiye duk abin da ke kwance a ƙasa. Babban kifi yakan ji ƙugin inji ya kauce. Ƙwai ba ya gudu, haka ɗan kifin da bai gama shanye gwaiduwarsa ba, haka ƙananan kifayen da in sun tsorata sai su nutse cikin yashi maimakon su tsere. A wani gwaji da aka yi a jihar Idaho ta Amurka, wanda aka wallafa a 1981, an ratsa da ƙwayayen tirawut, wani kifin ruwan sanyi, waɗanda ba su fara ido ba ta cikin ƙaramin injin zuƙa, ko ɗaya bai rayu ba.

Sai lakar da ke tashi. Kifi yana numfashi ne da jajayen gaɓoɓin nan da ke ƙarƙashin kunnuwansa, masu siraran zarurruka da jini ke ratsawa. In ka ɗaga kunnen kifin da ya kwana cikin ruwan yasa, za ka tarar jan ya dusashe, majina ta lulluɓe zarurrukan, ƙura ta manne a kai. Jikinsa ne ke ƙoƙarin kare kansa, amma majinar tana rage iskar da yake samu. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa don adalci: koguna da yawa suna damewa da laka duk damina, kifayensu kuma sun saba. Masu yasa sukan kafa hujja da wannan. Amma tun 1996 wasu masana biyu, Newcombe da Jensen, suka tattara gwaje-gwaje masu yawa suka nuna cewa illar ta dogara ne ga abu biyu tare, yawan lakar da kuma tsawon lokacin da kifi ya yi a cikinta. Lakar damina tana zuwa ne sa'ad da ruwa ya cika yana gudu da ƙarfi, ya kwashe ta ya wuce. Ta yasa takan zo da rani, ruwa ya ja baya, ta yi makonni ko watanni ba hutawa, sannan ta kwanta a inda ta ga dama. Kifin da ke farauta da ido, irin su tsage, shi ne ya fara jin yunwa. Tsiron cikin ruwa ya rasa hasken rana. Lakar da ta kwanta ta toshe 'yan ramukan da ke tsakanin tsakuwa, inda ruwa ke ratsawa ya kai wa ƙwai iska, sai ƙwai ya shaƙe tun bai ƙyanƙyashe ba.

Wani haɗarin kuma ya fi wannan saurin kisa. Taɓon da ya daɗe a kwance cike yake da ruɓaɓɓun ganyaye da dattin da ruwa ya kawo. Da zarar an tono shi, ƙananan halittun da ido ba ya gani su far masa, suna cinye oksijin ɗin da ke cikin ruwan. Yawancin kifaye suna buƙatar miligiram 5 ko fiye a kowace lita don su zauna lafiya, in ya faɗi ƙasa da 2 kuwa sai gudu ko mutuwa. Ruwa mai ɗumi dama ba ya riƙe iska da yawa: a ma'aunin zafi 20 yana ɗaukar kusan miligiram 9, a 30 bai fi 7 da rabi ba. Shi ya sa in ka ga kifaye sun taso sama da asuba suna haki a ƙasa da wurin yasa, ka san abin da ya faru. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iska daga sama, don haka sukan sha. Giwan ruwa ba shi da wannan gatan.

Duk wannan yana wucewa. Injuna su tafi, ruwa ya washe, kowa ya ce an gama lafiya. Ni kuwa a nan damuwata take farawa.

Kogin da ba a taɓa ba, ƙasansa ba shimfiɗe yake ba. Ga gurbi mai zurfi a kwana, inda ruwa ke cin gaɓa. Ga mashigi marar zurfi inda ruwa ke tsalle a kan tsakuwa yana shan iska. Ga tudun yashi da ruwa iya idon sawu a bayansa, mai ɗumi, inda 'ya'yan kifi ke taruwa domin manyan da za su cinye su ba sa iya shiga. Ga kututturen itace da ya faɗa ruwa, ga saiwoyi a ƙarƙashin gaɓa, ga ciyawa. Kowane ɗaya mazaunin wani ne, kuma kifi ɗaya ma yakan buƙaci uku ko huɗu daga cikinsu a tsawon rayuwarsa: inda za a ƙyanƙyashe shi daban, inda zai girma daban, inda zai fake da rani daban. Kamar gida ne mai ɗakuna da yawa aka rushe bangayen ciki ya koma zaure ɗaya. Fili ya ƙaru, amma iyalan da za su iya zama a ciki sun ragu. Wannan ita ce amsar masu cewa zurfi yana ƙara kifi. Yawan ruwa bai taɓa zama abin da ke iyakance kifin kogi ba, abinci da wurin haihuwa su ne.

In kana so ka ga abincin da idonka, shiga mashigin da ba a taɓa ba ka ɗaga dutse ɗaya ka juya shi. Za ka ga ƙasansa yana motsi: tsutsotsin ƙwari masu ƙafafu suna neman maɓoya, wasu sun gina 'yan gidaje da ƙwayoyin yashi sun manne, ƙananan katantanwa, gansakuka mai santsi. Sannan ka je ramin da aka yashe shekara ɗaya ko biyu da suka wuce ka ɗebo abin da ke ƙasansa. Sau da yawa baƙin taɓo ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba komai a ciki sai jajayen tsutsotsi sirara masu jure rashin iska. Ramin ya zama tarkon laka, ruwa ba ya gudu a ƙasansa, rana ba ta kai wa. A Kogin Allegheny na jihar Pennsylvania, inda aka daɗe ana haƙar tsakuwa, wani bincike da aka wallafa a 2013 ya kwatanta wuraren da aka haƙa da waɗanda ba a haƙa ba. A wuraren da aka haƙa nau'o'in kifi sun ragu, kuma waɗanda suka fi tafiya su ne ƙananan kifayen da ke zama a ƙasa suna haihuwa a tsakuwa.

Ramin kuma ba ya tsayawa inda aka haƙa shi. Wannan shi ne abin da mutane suka fi wuyar yarda da shi sai sun gani. A bakin ramin ta sama, ruwa yana gangarowa da sauri ya riƙa cin ƙasa, sai bakin ya riƙa ja da baya yana hawa kogin, har ya shiga ƙoramun da ke zuba a ciki. Ta ƙasa kuwa, yashin da ya kamata ya wuce ya faɗa ramin, ruwan ya fito da ƙarfinsa amma ba kaya, sai ya ci daga ƙasan kogi da gaɓoɓinsa. Masanin koguna Mathias Kondolf ya kira wannan ruwa mai yunwa a wani rubutunsa na 1997. Ta haka aikin da aka yi a kilomita ɗaya yake sauke ƙasan kogi a kilomitoci da yawa, gaɓa ta zabtare da itatuwan da ke yi wa ruwa inuwa. Ba kifi kaɗai ke ji ba. A ranar 4 ga Maris 2001 wata gada a kan Kogin Douro a Fotugal ta rufta, mutum 59 suka rasu, kuma haƙar yashi da ta zaizaye gindin ginshiƙanta tana cikin dalilan da aka gano.

In ƙasan kogi ya sauka, ruwansa ma ya sauka, kuma a nan ne asarar da ta fi kowace girma take, musamman a manyan kogunan ƙasashe masu zafi. Kifin irin waɗannan koguna ba a tsakiyar kogi ake yin sa ba, a fadama ake yin sa. Ruwa ya cika ya tsallake gaɓa, ya malale cikin ciyawa, ciyawar da taki su ruɓe, ƙananan halittu su ɓarke da yawa, kifaye su bi ruwan su hayayyafa. Tarwaɗa tana zuba ƙwanta a ciyawar da ruwa ya shafe. Bargi yakan share wuri a cikin ciyayi ya yi sheƙa mai faɗin kusan mita ɗaya a ruwan da bai kai ƙugu ba, ya tsaya gadi. Karfasa tana haƙa ɗan raminta a wuri marar zurfi. 'Ya'yan su yi watanni suna ci suna girma, in ruwa ya fara ja su koma kogi. Masana uku, Junk da Bayley da Sparks, sun tsara wannan a matsayin ƙa'ida a 1989, amma masunta sun riga su sani: shekarar da ruwa ya cika fadama ya daɗe, kamun da ke biye da ita yakan yi albarka. To in an sauke kogi da mita ɗaya, cikar da a da take rufe fadama wata uku za ta iya komawa 'yan makonni, a wasu shekarun ma ta kasa tsallake gaɓa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake zubar da abin da aka yaso. Sau da yawa a gaɓa ake jibge shi, ya zama tudu, ya toshe bakin 'yan hanyoyin da ruwa da kifi ke bi su shiga tafkunan fadama. Ba mugunta ce ta sa ba, wurin ne ya fi kusa da bakin bututu. Amma toshe baki ɗaya yana iya raba kogi da wurin renon kifinsa har abada.

Kogin Kissimmee a jihar Florida ya nuna wannan ƙarara. Tsakanin 1962 da 1971 injiniyoyin sojan Amurka suka mai da kogi mai lanƙwasa, tsawon kusan kilomita 166, ya zama miƙaƙƙiyar hanyar ruwa mai kilomita 90 da zurfin mita 9, don maganin ambaliya. Fadamar ta bushe. Tsofaffin kwanonin kogin suka koma ruwa tsayayye marar iska. Kifayen da ake nema suka ragu, masu jure rashin oksijin suka mamaye, agwagin ruwa da ke sauka da hunturu suka ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Daga baya gwamnati ta dawo da injuna ta cike kusan kilomita 35 na hanyar da ta haƙa, aikin da aka fara a 1999 aka kammala a 2021. An yi shekara 9 ana haƙawa, an yi shekara 22 ana gyara wani ɓangare kawai. Amma da ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa ya sake malala a fadama, iska ta ƙaru a cikinsa, kifayen da tsuntsayen suka fara dawowa, kuma wannan abin ƙarfafa gwiwa ne.

A Sin kuma, da aka hana haƙar yashi a babban Kogin Yangtze a shekarar 2000, jiragen haƙa suka koma Tafkin Poyang da ke zuba a cikinsa. Mashigar tafkin ta faɗaɗa ta yi zurfi, ruwa ya riƙa tsiyayewa da wuri da rani. Can kusa da teku matsalar takan ɗauki wani salo: in an zurfafa bakin kogi, ruwan gishiri yana samun hanyar kutsowa ciki, kifin ruwan daɗi ya ja da baya. Ana fama da haka a bakin Kogin Mekong a Biyetnam.

Kada ka yi mamaki in a shekarar farko wasu suka ce kamu ya ƙaru. Hakan yana faruwa. Tonon ƙasa yana fito da tsutsotsi, kifaye su taru su ci. Da rani kuma manyan kifaye sukan tattaru a sabon ramin, kama su ya yi sauƙi. Amma waɗannan kifaye ne da aka haifa kafin yasa, kuma su ne iyayen da ya kamata su hayayyafa. Gaskiyar lamarin tana fitowa bayan shekara biyu ko uku, lokacin da 'ya'yan da ba a ƙyanƙyashe ba ya kamata a ce sun isa shiga koma.

Ba na cewa kada a taɓa yashe kogi. Akwai inda barin lakar ya fi tono ta muni. A Kogin Hudson na New York, masana'antun kamfanin General Electric sun zubar da wani sinadari mai guba da ake kira PCB tsakanin 1947 da 1977, ya kwanta a laka, ya shiga tsutsotsi, daga nan ya taru a kitsen kifi. An yashe kusan mita kubik miliyan 2 na lakar tsakanin 2009 da 2015, aka fitar da ita daga kogin gaba ɗaya. Wannan yasa ce mai dalili, duk da haka har yau hukumomi suna gargaɗi kan cin kifin wurin. Haka in zaizayar gonaki ta binne wani tafkin fadama ko ta toshe bakinsa, buɗe shi da hankali taimakon kifi ne. Jiragen ruwa ma suna da haƙƙi, kuma kogi yakan jure siririyar hanya ɗaya in an bar sauran faɗinsa yadda yake.

Hujjar da na fi shakka ita ce ta ambaliya. A babbar cika, ruwan da ke zuwa ya ninka abin da cikin kogi zai iya ɗauka, ƙarin zurfin kuma kaɗan yake ragewa, wani lokacin ma sai ya gaggauta kai ruwan ga na ƙasa. Lakar kuma tana dawowa muddin ba a tsai da ita daga inda take fitowa ba. A Ingila, bayan ambaliyar Somerset ta 2013 zuwa 2014, an yashe kilomita 8 na kogunan Parrett da Tone, kuma tun daga lokacin sai an riƙa komawa ana sake kwashewa. Ga kifi, wannan maimaitawar ta fi yasar farko illa, domin kogin ba ya samun sukunin farfaɗowa.

Batun dawowar kifi ya danganta da irin ƙasan kogin. Inda yashi ne mai tafiya, wanda kowace cika take juya shi, ƙananan halittun sukan dawo cikin watanni, kifi ya biyo su, in dai akwai wurin da ba a taɓa ba a sama da za su fito. Tsakuwa tana ɗaukar shekaru, in kuma akwai madatsar ruwa a sama da ke tare sabuwa, wadda aka kwashe ta tafi ke nan. Ƙumba, halittar nan mai ɓawo wadda ke tace ruwa, wasu nau'o'inta suna rayuwa shekaru gommai, 'ya'yanta kuma sai sun maƙale a jikin kifi suke girma, don haka in ta tafi tare da kifinta dawowarsu aiki ne ja. Fadamar da aka raba da kogi kuwa ba ta dawowa da kanta.

Tun da ba a fara aikin ba, Malam, yanzu ne maganarku take da amfani. Ku nemi a nuna muku rahoton tasirin aikin ga muhalli, ku duba ko an ƙirga nau'o'in kifin da damina da kuma rani, domin ƙidayar lokaci ɗaya ba ta nuna komai. Ku tsaya kai da fata kada a yi aiki a watannin da kifi ke ɗauke da ƙwai da farkon cika, masunta sun san watannin fiye da duk wani baƙon masani. Ku nemi a bar mashigan tsakuwa da bayan tudun yashi, a yi aikin yanki-yanki ana barin tazara, a dakata duk ranar da ma'auni ya nuna iska ta faɗi. A gwada lakar kafin a tono ta in akwai masana'anta ko wurin haƙar ma'adinai a sama. Abin da za ku fi dagewa a kai shi ne inda za a zubar da abin da aka yaso: ku zaga da injiniyan a kwale-kwale, ku nuna masa bakin kowace hanyar da ruwa ke bi ya shiga fadama, a sa ta a taswirar aikin. Ku ma ku fara rubuta abin da kuke kamawa tun yau, da sunan kowane kifi da girmansa da wata, domin in bayan shekara uku kuka ce bargi ko giwan ruwa ya ragu, abin da za a fara tambayarku shi ne nawa kuke kamawa a da.